Darasi na Bakwai: Hawan Jinin Ido

Karanta wannan labari da ƙarfi, sannu a hankali.

Akwai wani tela a babbar kasuwar Maradi, shekararsa 52. Yana zura zare a allura ba tabarau, abokan sana'a har tsiya suke yi masa, wai idonsa na shaho ne. Amma cikin shekara guda sau uku ɗan kabu-kabu yana goge shi a bakin titi, kuma kullum maganarsa ɗaya: "Wallahi ban gan shi ba, kamar daga ƙasa ya ɓullo." A gida ma yakan yi tuntuɓe da buta in an ajiye ta gefe. Babban ɗansa ne ya matsa sai da suka je asibiti.

Bayan awo, likitar ido ta ce, "Baba, kana da hawan jinin ido."

Ya ce, "Ƴata, ai ba ni da tansiyon. Watan jiya aka auna ni, 12 da 8 aka ce."

Ta ce, "Wannan awon hannu ne, Baba. Shi ido awonsa daban. Na damanka 31, na hagu 24."

Ya ce, "To ai ba ya yi mini ciwo."

Ta ce, "Da yana ciwo ai da ka zo tun bara waccan."

Sunan ne ke ruɗa mutane

Muna cewa "hawan jinin ido", likitoci kuma suna cewa gilakoma. Sunan namu ya shiga baki, ba mai iya cire shi, amma yana ɓatar da mutane kamar yadda ya ɓatar da telan nan. Abin da ke hawa cikin ido ruwa ne. Mutum na iya samun tansiyon daidai idonsa na matse, wani kuma tansiyonsa ya hau idonsa lafiya lau.

A gaban ido akwai wani ruwa garai-garai. Ba hawaye ba ne, shi hawaye a waje yake. Wannan ruwa a ciki yake, bayan baƙin ido ake yin sa dare da rana. Yana bi ta ƴar ƙofar nan ta tsakiyar ido, ya ciyar da gaban ido, sannan ya fice ta wata ƴar rariya mai ƙananan huji da ke zagaye da gefen baƙin ido. Duk wanda ya ga damina a Bagalam ko Mokoyo ya san abin da ke faruwa in rariyar gida ta cushe da yashi da leda: ruwa ya taru tsakar gida, ya fara cin gindin katanga. Ido ba shi da tsakar gidan da ruwa zai malala. Rufaffe ne kamar tayar babur. In ruwa na shiga bai fita yadda ya kamata, sai matsi ya ƙaru.

Ana auna wannan matsi da lamba. A yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 da 21.

Inda matsin ke ɓarna shi ne bayan ido, wurin da jijiyar gani ta fita zuwa ƙwaƙwalwa. Ka ɗauko igiyar kaba ka duba: siraran zare ne da yawa aka tufka. Jijiyar gani ma haka take, zarenta sun fi miliyan ɗaya. Matsi na tsinka su kaɗan-kaɗan, kuma waɗanda ke kawo ganin gefe su ke fara tafiya. Shi ya sa telan ke ganin kafar allura amma bai ga babur da ya taho ta gefensa ba. Zaren da ya tsinke ya tsinke ke nan. Babu magani, babu aiki, babu tofi da zai mayar da shi. A nan ya sha bamban da yanar ido, wadda ake cirewa gani ya dawo. Cikin cututtukan da ke kawo makanta marar warkewa, gilakoma ce kan gaba a duniya.

To ina jini ya shigo?

A nan sai mu dakata, don wannan ne sashen da ba a cika bayyanawa ba.

Jijiyar gani abu ce mai rai, abincinta jini. Ƙananan hanyoyin jini ne, sun fi gashi siranta, ke kai mata shi. Ku tuna da mai lambu a gulbin Maradi lokacin rani. Injin na tura ruwa, tiyo na ɗauka, tumatir na sha. Tumatir na iya bushewa ta hanya uku. Ko wani ya taka tiyo, ko injin ya yi rauni, ko tiyon ya tsufa ya cushe daga ciki. Zuciya ita ce injin. Matsin ruwan ido shi ne ƙafar da ta taka tiyo. Abin da jijiya ke samu shi ne abin da ya rage in an cire ƙarfin matsi daga ƙarfin turi.

Mu yi lissafi a kan allo. Lambobin misali ne, don a gane:

Jini ya turo da ƙarfi 60, ido ya matsa da 15. 60 a cire 15, saura 45.
Jini ya turo da 60, ido ya matsa da 35. Saura 25.
Jini ya turo da 40 kawai, ido ya matsa da 15. Saura nawa?

Amsar ta uku ma 25 ce. Ka ga matsin idon wannan mutum daidai yake, amma jijiyarsa na jin yunwa kamar ta na biyu. Wannan na cikin dalilan da ke sa a sami masu gilakoma waɗanda awon idonsu bai taɓa wuce 21 ba. Saboda haka likitan kirki ba ya tsayawa ga lamba kaɗai. Zai haska fitila ya leƙa jijiyar da kanta, zai kuma gwada faɗin ganinka.

Kada wani ya ji haka ya ce ashe hawan jini alheri ne ga ido, tunda injin na turawa da ƙarfi. A'a. Tansiyon da ya daɗe sama, 14 da 9 ko fiye, yana sa hanyoyin jini su yi tauri su ƙuntata. Tiyon da ya cushe ke nan. Ciwon sukari da sikila su ma suna lalata waɗannan hanyoyi. Wani lokaci babbar hanyar da jini ke fita daga ido takan toshe, gani ya dushe a ido ɗaya cikin kwana guda. In bayan ido ya rasa jini, sai ido ya tsiro sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su yaɗu kamar ciyawa su rufe rariyar nan. Gilakomar da ke biyo bayan wannan mai tsanani ce, tana da zafi, tana da wuyar magani. Mai ciwon sukari ya kai idonsa a duba duk shekara, ko yana gani tangaran.

Akwai kuma ɗaya gefen. Jinin kowa yana sauka kaɗan in yana barci. In mai gilakoma yana shan maganin tansiyon kuma jininsa na faɗuwa ƙwarai da dare, jijiyar na iya cutuwa. Abin yi a nan ɗaya ne: ka gaya wa likitan ido magungunan tansiyon da kake sha da lokacin da kake shan su, ka gaya wa mai duba tansiyonka cewa kana da gilakoma. Kada ka rage ko ka bar magani da kanka.

Wa ya kamata ya je awo?

Mu baƙar fata cutar ta fi kama mu, tana zo mana da wuri, kuma ta fi saurin kai mu ga makanta. Wani babban bincike da aka yi a maƙwabciyarmu Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin mutum 20 masu shekara 40 zuwa sama, kusan ɗaya na da ita. Cikin masu ita kuwa, kusan ɗaya cikin 20 ne kawai ya san yana da ita, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Daga Maradi zuwa Katsina tafiyar ƴan sa'o'i ce, jini ɗaya ne, aure ɗaya. Ba mu da dalilin zaton mun tsira.

Duk wanda ya kai 40 ya je, ya kuma riƙa komawa bayan shekara ɗaya ko biyu. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da ita, ko akwai wanda ya makance a gidansu ba a san dalili ba, kada ya jira 40. Cutar tana bin dangi. Haka wanda aka taɓa bugewa a ido, ko da dutse ko da ƙahon sa, ko da shekaru sun wuce.

Sai maganar ɗigon ido na tebur. Lokacin hunturu ƙura na sa ido ƙaiƙayi da ja, sai a sayi ƴar kwalba wajen mai yawo da magani a kai. Da yawansu na ɗauke da sinadarin da ake kira kotizon, za ka ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone a jikin kwalin. Yana kashe ƙaiƙayi nan take, ido ya yi fari, mutum ya ji daɗi ya ci gaba har watanni. A wasu mutane yana toshe rariyar ido. Yara ma ba su tsira ba. Ni dai a ganina babu arahar da ta kai wannan tsada.

Awon kansa ba wuya. Ana ɗiga maganin da ke kashe jin ido, a taɓa shi da ɗan ƙarfe ko a hura masa iska, minti kaɗan an gama. A nemi sashen ido na babban asibitin Maradi, ko a tambayi ma'aikacin asibitin unguwa ko na ƙauye ya ba da takardar turawa. Mutanen Madarunfa, Tibiri da Gidan Runji da ke shigowa cin kasuwa na iya haɗa tafiya biyu a ɗaya.

Alamu biyu ba sa jiran ranar kasuwa. Na farko: ido ya yi ja farat ɗaya, ciwo mai tsanani har rabin kai, gani ya yi hazo, ana ganin bakan gizo kewaye da fitila, har da amai. Rariya ce ta rufe gaba ɗaya, kuma gani na iya tafiya cikin kwana kaɗan. A tafi a ranar. Na biyu: jariri mai manyan idanu fiye da kima, yana hawaye kullum, yana gudun haske, baƙin idonsa ya yi toka-toka. Kakanni kan ce kyau ne, dara-daran idanu. A kai shi.

Yadda ake ɗiga magani

Maganin ba ya dawo da abin da ya tafi, yana tsare abin da ya rage. Wani yana rage yawan ruwan da ido ke yi, kamar timolol. Wani yana buɗe wa ruwan hanya, kamar latanoprost, wanda ake ɗigawa sau ɗaya da dare. Mai asma ko mai bugun zuciya a hankali ya faɗa wa likita kafin a ba shi timolol. In ɗigo bai wadatar ba, ko kuɗinsa ya gagara, akwai haske na leza, akwai kuma aiki da ake yi a buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa. Ka tambaya, kada kunya ta hana ka cewa aljihu ya gaza.

Malami ya kawo kwalbar da ba komai ciki, kowa ya gwada:

1. Wanke hannu da sabulu.
2. Ɗaga kai sama, ja fatar ido ta ƙasa da yatsa.
3. Ɗiga ɗigo ɗaya tak. Kada bakin kwalba ya taɓa ido.
4. Rufe ido, danna lungun da ke kusa da hanci da yatsa har minti biyu.
5. In magani iri biyu ne, bar minti biyar tsakani.

Dannawar nan tana hana magani gangarawa maƙogwaro. Kwalba ta zauna a inuwa, kusa da randa ya fi aljihun riga a zafin Afrilu. Ɗaura lokacin ɗigo da salla, asuba da magariba, ba za ka manta ba. A watan azumi mutane da yawa kan ajiye kwalba kwana talatin, matsi kuwa ba ya azumi. Mai ɗigo sau biyu na iya yi da sahur da bayan buɗa baki. Kuma in an sha ruwa, a sha kaɗan-kaɗan, don kwankwaɗar lita guda a tashi ɗaya na ɗaga matsin ido na ɗan lokaci.

Karanta katinka

Da Faransanci ake rubuta katin asibiti a nan. OD na nufin idon dama, OG idon hagu. Kwafi wannan a littafinka:

OD 31
OG 24

Wane ido ne ya fi matsi? Da nawa kowanne ya wuce 21? Bayan wata uku na ɗigo katin telan ya nuna OD 17, OG 15, sai ya ce wa ɗansa, "Na warke, a bar sayen maganin nan." Me za ka ce masa in kai ne ɗan? Ku tattauna biyu-biyu.

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: matsi, rariya, jijiya, ɗigo, awo.

Aikin gida: rufe ido ɗaya da tafin hannu, kalli ƙofar ɗaki, sannan ka sauya. Wannan ba ya maye awo, amma rubuta abin da ka lura. Sannan rubuta sunayen mutanen gidanku da suka kai shekara 40, ka sa alama gaban duk wanda aka taɓa auna wa matsin ido. Kawo takardar aji ranar Litinin.