Yadda za ka duba maganin ciwo idan kana guje wa gulutin

Farasitamol, ibuprofen da asfirin, sinadarinsu na asali ba shi da gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir. Abin dubawa shi ne sitacin da ake ɗaure ƙwayar da shi.

Da farko, kada ka karɓi ƙwayoyi tsirara a leda. Ka ce wa mai kemis ya ba ka kwalin.

Sai ka zaro takardar nan mai ƙananan rubutu da ke naɗe a ciki, wadda yawancinmu muke jefarwa, ka nemo jerin abubuwan da aka haɗa. Sitacin masara ko na dankali ba matsala, kuma su aka fi amfani da su. Idan ka ga wheat starch, wato sitacin alkama, ka ajiye shi, musamman in kana da cutar siliyak, wadda gulutin ke lalata hanjin mai ita. In sitaci kawai aka rubuta ba a faɗi na mene ne ba, tambayi likitan magunguna ko kamfanin.

Duk lokacin da ka canza kamfani, sake dubawa, domin haɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ibuprofen da asfirin suna cin ciki ko babu gulutin, saboda haka ka ci abinci tukuna. Farasitamol kuwa, babba kada ya wuce giram 4 a yini.