Kurakuran da ke ɓata haruffan Hausa a shafin intanet, da yadda ake gyara su

Idan kalmar "ƙasa" ta fito a shafi a matsayin "Æ™asa", mutane da yawa sukan bi rubutun suna gyara haruffa ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma su haƙura da lanƙwasa baki ɗaya, alhali rubutun lafiyarsa lau. Tsarin UTF-8, wato hanyar da kwamfuta ke bi wajen ajiye haruffa, yana ajiye harafin ƙ da bayit biyu (bayit ƙaramin ma'aunin bayanai ne a kwamfuta), kuma idan burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba ta san tsarin da aka bi ba, tana iya karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Ta haka ɗ ke komawa "É—". Maganin shi ne a sa <meta charset="utf-8"> a farkon sashen head na fayil ɗin shafin, domin ƙa'idar HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, ta tanadi cewa wannan layi ya zo cikin bayit 1024 na farkon fayil.

Sai dai layin sanarwa ne kawai, ba ya sauya fayil ɗin kansa. Wanda ya adana aikinsa da zaɓin ANSI a manhajar rubutu ta Notepad ya riga ya yi asarar haruffa masu lanƙwasa, domin babu su a tsarin, kuma alamar tambaya ce za ta maye gurbinsu. Irin wannan ɓarna ba ta gyaruwa sai an koma ga rubutun asali, shi ya sa ta fi kowacce muni. Haka take faruwa idan aka zuba rubutun Hausa a rumbun bayanai na MySQL da aka saita da tsarin haruffa na latin1 maimakon utf8mb4. Akwai kuma lokacin da fayil da sanarwa duk suna daidai amma matsalar ba ta gushe ba. A nan sai a duba bayanin Content-Type da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ke turowa, domin idan ya saɓa wa na cikin shafi, na sabar burauza take bi.

Ɗan akwatin da ke fitowa a gurbin ɓ ko ƴ, wanda ake amfani da shi a rubutun Nijar, wata matsala ce dabam da ba ta shafi UTF-8 ba. Salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da harafin. Kafin a ɗora shafi, ya kamata a gwada ƙanana da manyan haruffan duka, musamman Ƙ da Ɗ da Ɓ a kanun labarai, inda aka fi son salo mai ado. Salon rubutu na Noto Sans da na Charis SIL suna ɗauke da su.

Sauran kurakuran gaggawa ce ke jawo su. Rashin <!DOCTYPE html> a layin farko yana sa burauza ta tsara shafi da tsohon yayi. Alamomin < da & suna da aiki na musamman a HTML, saboda haka idan ana son su bayyana a cikin rubutu sai a rubuta &lt; da &amp;. Wanda ya kwafo samfuri ya bar lang="en" a shafin Hausa kuwa, ya gaya wa burauza da manhajar da ke karanta wa makafi cewa rubutun Turanci ne. A mayar da shi lang="ha", idan kuma Ajami ne, a sa lang="ha-Arab" tare da dir="rtl" domin rubutun ya taso daga dama.