Idan an sayar maka da kwikwiyo marar lafiya

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwon karnuka da kyanwowi. "An saya, ba a mayarwa" da wasu masu kiwo ke faɗa ba ya ɗaure ka idan dabbar ta zo da cuta. A Najeriya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ka wata 3 ka mayar da kaya mai aibi, a musanya maka ko a dawo maka da kuɗinka. A fiƙihu ma mai saye yana da zaɓin mayarwa in an ɓoye masa aibi.

Inda ake samun matsala shi ne hujja. Cutar parvo takan yi kwanaki a jikin kwikwiyo kafin amai da zawon jini su bayyana, sai mai kiwo ya ce a gidanka ya kamu. Don haka ranar da ka karɓe shi, wuce wurin likitan dabbobi ya duba, ya rubuta maka sakamako da kwanan wata. Duba katin rigakafi da kyau, wasu da biro kawai ake cike su, babu hatimin likita. Ka biya ta banki, kada ka goge hirarku ta WhatsApp.

In mai kiwon ya ƙi karɓar dabbar, kai ƙorafi FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ko kotu.