Yadda na gyara biskit ɗin kirfa mai bajewa

Da kaka ta shigo na yi marmarin biskit mai kirfa don shan shayi. Sau biyu ina gasawa yana bajewa a tire, ya haɗe wuri guda, gefe ya ƙone. Na zargi fulawa na ƙara ta, sai ya yi tauri.

Ashe bota ce. Zafin kicin ke narkar da ita tun ina kwaɓi, ga tiren ma da zafinsa nake jera na biyu. Sai na sa kwaɓin a firij minti 30, na bar tiren ya huce, na gasa minti 12 a digiri 180. Ya fito da kauri, cikinsa da laushi. Kirfar kuwa, in na daka sai na tankaɗe, don kada a ji tsaki-tsaki a baki.