Faifai biyu a rautar gida: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya ɗora pfSense ko OPNsense, manhajojin da ke mayar da kwamfuta rauta (na'urar raba intanet), a ƙaramar kwamfuta don ta tsare masa intanet ɗin gida, ba ya daɗewa zai fara tunanin sa faifai biyu su zama madubin juna, in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe aikin. Dabara ce mai kyau. Manhajojin biyu a kan babbar manhajar FreeBSD suke, kuma ZFS, tsarin da ke kula da ajiyar fayiloli, yana haɗa madubin ba sai ka sayi wani kati ba. Amma ramin da na faɗa, shi nake ganin mutane suna faɗawa har yau.

Ga yadda abin ya same ni. Faifai na farko ya mutu, na sa sabo, na buga zpool replace, umarnin maye gurbin faifai, na jira ya gama kwafe bayanai, na ga ONLINE, hankalina ya kwanta. Bayan wasu watanni tsohon faifan da ya rage shi ma ya mutu. Na kunna na'urar, allo baƙi ƙirin, sai saƙon cewa ba abin da za a tayar da ita da shi. Bayanaina suna nan lafiya lau a sabon faifan, amma na'urar ta ƙi tashi, gida kaf ba intanet, ni kuma ba halin in duba mafita. Dalili kuwa, faifai a rabe yake yanki-yanki, ZFS kuma yankinsa kawai yake kwafewa. Ɗan yankin da ke ɗauke da manhajar tayar da na'ura ba ruwansa da shi, kai za ka kwafe shi da hannunka. Yanzu in zan sa sabon faifai, sai na fara kwafe tsarin yankunan da gpart backup da gpart restore. In na'urar mai tsohon BIOS ce, wato manhajar da ke fara aiki in an kunna ta, in rubuta lambar tashi da gpart bootcode. In mai UEFI ce, magajin BIOS, in shirya yankin EFI in ajiye loader.efi a ciki da sunan BOOTX64.EFI, a jakar EFI/BOOT.

Sannan ka gwada, don Allah ka gwada! Kashe na'urar, zare wayar faifai ɗaya, kunna. Ta tashi? Mayar da shi, jira su daidaita, zare ɗayan. Rabin awa ne kacal, amma sai ka ga mutum ya shekara biyu yana alfahari da madubin da bai taɓa jarrabawa ba. A nan ne ma za ka gano ko BIOS ɗinka ya san da faifai na biyu a jerin tashi.

Kuskure na biyu shi ne rashin sa ido. Rauta abu ne da ake cusawa a lungu a manta da shi. Faifai ɗaya zai mutu, intanet na tafiya sumul, ba wanda ya sani, alhali ka koma kan ƙafa ɗaya. Ni kowane farkon wata nakan buga zpool status, in ban ga DEGRADED ba, wato alamar madubin ya samu matsala, in sa zpool scrub ya bi bayanan ɗaya bayan ɗaya, sannan in leƙa lafiyar faifan da smartctl. Wasu sun fi son saƙon imel ya riƙa zuwa musu. To, amma ka tabbatar saƙon yana isowa, kada ka ɗauka shiru alheri ne.

Kada kuma ka ɗauki madubi a matsayin kwafin ajiya. In ka ɓata dokokin katangarka ta tsaron intanet, ɓarnar a take za ta sauka a faifan biyu. Saitinka duka yana cikin fayil ɗaya, config.xml. Sauke shi duk sanda ka canza wani abu, ka ajiye a wata na'ura daban.

Sauran ƙanana ne. Kada ka haɗa SSD da filashi a madubi ɗaya, filashin ba ya jure yawan rubutu. In faifan ba girmansu ɗaya ba, girman ƙaramin za ka samu. Ni ba na sayen biyun daga kamfani ɗaya a rana ɗaya, don tare za su tsufa. Kafin ka zare wanda ya mutu kuma, duba lambar da ke jikinsa ka gwada da wadda smartctl ya nuna maka, kada ka je ka cire mai ran.