Yadda ake kula da lambu lokacin marka, da cinye abin da aka ajiye kafin ya ruɓe

Duk sabon mai lambu da na taɓa gani kuskurensa ɗaya ne, da an ɗauke ruwa sai ya saɓi fartanya ya faɗa cikin shuka wai zai gyara. Nima haka na yi shekarata ta farko, kwana uku ana ruwa, rana na ɗan leƙowa na shiga na tattaka fangalin karas ɗina kaf, wallahi da ƙasar ta bushe sai ta koma kamar daɓen siminti, karas ɗin da na tona duk gajeru masu ƙafa biyu-biyu. Don haka matakin farko shi ne kar ka taka jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Dalili kuwa, saiwa numfashi take yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƴan ƙofofi da iska ke zama, idan ka taka lokacin da take jiƙe sharkaf nauyinka zai matse su, ruwa ya kasa sauka, iska ta kasa shiga, saiwar ta shaƙe ta fara ruɓewa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne shukar sai ta yi yaushi kamar mai jin ƙishi, sai ka ga mutum ya ɗauko bokiti yana ƙara mata ruwa alhali ruwan ne ke kashe ta. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, ɗebi ƙasa cikin tafin hannu ka dunƙule, sannan ka danna da babban yatsa. In ta wargaje, bismillah shiga. In ta tsaya dunƙule tana sheƙi tana maƙale maka a hannu, koma gida, ciyawar ba inda za ta je. Ƙasar yumɓu ta fi kowace jan lokaci, kar ka yi gasa da maƙwabcinka mai rairayi. In ya zama dole sai ka shiga, shimfiɗa katako ka taka a kai, tsohon katakon da aka jefar ma ya isa, ba sai ka kashe kuɗi ba.

Na biyu, ka ba ruwa hanya. Ka je lambun ana cikin ruwan, da lema, ka tsaya ka ga inda yake kwanciya, nan za ka ja ƴar lambatu zuwa gangare, amma fa ba cikin lambun maƙwabci ba. In kana shakkar wuri, haƙa rami mai zurfin santimita 30 ka cika da ruwa, in ka dawo washegari ka tarar da shi to wurin nan sai an ɗaga kunya. Ni fangalina ina ɗaga shi kamar santimita 20, faɗinsa kuma ba ya wuce mita 1.2 don hannuna ya kai tsakiya ta kowane gefe ba tare da na taka ba. Kar a yi wanda ya fi haka faɗi.

Na uku, ganyen tumatir da dankalin turawa. Akwai ciwon da ke bin danshi, shi ne ya halaka dankalin ƙasar Ailan daga 1845 har aka yi yunwa. Alamarsa baƙin tabo a ganye da farin fumfuna a ƙarƙashi. A tumatir tsinke ganyen ƙasa-ƙasa don iska ta ratsa, wanda ya kamu kuma a fitar da shi daga lambun, kar a zuba a ramin taki. Dankali in ya kamu sosai yanke ganyen duka, ka jira sati biyu kafin ka tona. Kar ka zuba takin zamani ana tsaka da ruwa, wankewa zai yi kuɗinka ya bi lambatu. Dodon koɗi kuma da dare ake kama shi da tocila.

Kwanakin da ba ka shiga lambun, su ne na sito. Juye kowane buhu ka taɓa kayan ɗaya bayan ɗaya, sati-sati, hanci ma zai gaya maka. Albasa mai kaurin wuya ba ta daɗewa, ita za a fara ci, sai wadda ta soma tsiro, sai dankalin da fartanya ta sara. Dankalin da ya yi kore sosai a zubar, yana da guba. Hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna ma haka, dafuwa ba ta kashe gubarsa, kar ka ji tausayin asarar. Raba albasa da dankali, sauke su daga leda zuwa buhun algarara ko kwali, ɗora a kan katako kar su taɓa ƙasa ko bango. Tsoho gaba, sabo baya. Abin da ya yi maka yawa dafa shi tukunya guda ka sa a firiza, in babu firiza raba wa maƙwabta tun yana da kyau.