Darasi na Tara: Iyayen Matashi Mai Ciwon Sukari da Taimakon da Suke Samu ta Waya

Ciwon sukarin da ya fi kama yara da matasa shi ne wanda likitoci suke kira nau'i na ɗaya, wato wanda jiki yake daina samar da sinadarin insulin mai daidaita sukarin da yake cikin jini, sai ya zama dole a riƙa ba shi ta hanyar allura kowace rana. Ba shan zaƙi ne yake kawo shi ba, ba kuma sakacin uwa ba ne. Mutum na farko da aka yi wa wannan allura yaro ne ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, cikin watan Janairun 1922. Kafin wannan lokaci, yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa a duniya, amma yau yana iya yin karatu, ya yi sana'a, ya yi aure, muddin bai rabu da allurarsa ba.

Wahalar iyaye takan ƙaru idan yaro ya shiga shekarun balaga. Sauye-sauyen da jikinsa yake yi sukan rage ƙarfin aikin insulin, don haka sukari yakan hau ko da bai karya doka ba. A daidai wannan lokaci ne kuma yake fara jin kunyar ciro allura a gaban abokansa, yake son ya ci abin da tsaransa suke ci, yake ƙin a riƙa binsa da tambaya. Yaro zai dawo daga makaranta, bai ko ajiye jaka ba, uwa ta tare shi da cewa, “Ka auna? Nawa ya nuna?” Shi kuma ya ce, “Umma, don Allah ki bar ni in huta,” ya shige ɗaki. Daga nan ita ta kwana da fargaba, tana tashi cikin dare tana taɓa goshinsa ko ya yi zufa, shi kuma ya fara ɓoye mata sakamakon awon sukarin jininsa, wanda shi ne abin da ya fi kome haɗari.

Uwar da take cikin wannan hali tana bukatar wanda za ta faɗa wa damuwarta, kuma sau da yawa babu mai irin matsalarta a unguwa. Anan ne waya take da rana. Iyayen da suke haɗuwa a layin ganin likita suna iya karɓar lambobin juna su buɗe zaure a WhatsApp, kuma wanda bai ƙware a rubutu ba tukuna yana iya aika saƙon murya. Abin da ake samu a irin wannan zaure ya fi yawa a ƙananan dabaru na yau da kullum: inda aka samu insulin da tsinken awo da sauƙin kuɗi, yadda za a yi wa shugaban makarantar kwana bayani, da yadda ake adana magani idan babu wutar lantarki. Insulin ba ya son zafi kuma ba ya son daskarewa. Gidan da babu firji kan sa kwalbar a cikin roba mai murfi, a ajiye ta cikin tukunyar ƙasa da aka zuba wa jiƙaƙƙen yashi a wuri mai inuwa. Amma a ganina, babban amfanin zauren shi ne uwa ta ji wata uwar ta ce, “Yaya, ni ma nawa haka ya yi mini bara, ki daina fara magana da awo, ki fara tambayarsa yadda ya wuni.” Wannan magana ɗaya takan sauke nauyin da magani ba ya saukewa.

Sai dai zaure ba asibiti ba ne. Kada a ƙara ko a rage yawan insulin don an ji abin da ɗan wani yake yi, domin kowane yaro da nasa ma'aunin. Haka kuma duk wanda ya turo tallar ganye ko sassaƙe yana cewa zai raba yaro da allura har abada, a ƙyale shi, domin daina insulin na kwana kaɗan yana iya jefa yaro cikin doguwar suma. Batun azumin watan Ramadan ma likita ake tuntuɓa tun kafin watan ya kama, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Ya kamata a kiyaye sirrin matashi, musamman budurwa, kada a sa hotonta ko cikakken sunanta ba da izininta ba, tunda abin da ya shiga waya ba ya dawowa.

Akwai lokutan da ba a tsayawa jiran amsar kowa. Idan matashi ya fara rawar jiki da zufa da jiri, ko na'urar awo ta nuna ƙasa da 70 (a wasu na'urorin masu wani ma'auni daban, ƙasa da 3.9 ke nan), a ba shi ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a cikin ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi ta gefe ɗaya a garzaya asibiti. Idan kuwa sukari ya hau sosai tare da amai da ciwon ciki da numfashi mai ƙarfi, wannan ma asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya rubuta lambobin waya uku a takarda da manyan baƙaƙe, ta likita ko ma'aikacin lafiyar da yake duba yaron, ta mai abin hawa da zai amsa kira da dare, da ta wani mahaifi ko mahaifiya da suka san wannan ciwo. A manna takardar a bangon ɗaki kusa da inda ake ajiye allura, sannan a karanta wa matashin ita, a tambaye shi ko akwai lambar da yake so a ƙara.